Babi na Bakwai: Musayar da Ɗan Zariya Ya Ƙulla a Toronto

Manomin Gangara da ya kora sansa zuwa kasuwar Gazawa ko ta Agye da niyyar musaya ya san wani abu da masu sharhin wasanni kan manta. Kafin a yi maganar ciko, dillali zai ɗaga leɓen san ya ƙirga haƙora, a ja shi ya taka a ga ko yana ɗingishi, a shafa wuya inda karkiya ke zama. Duk wannan dubawa tana da amfani, sai dai abin da ke yanke ciniki a ƙarshe shi ne buƙatar masu cinikin. Mai amalanke yana neman dabba mai juriya, wadda za ta kai taki gona da rani, ta ɗauko ruwa, ta kwaso kara, shekara da shekaru ba ta kwanta ba. Wanda gonar gyaɗarsa ko ta aya ke jiran huɗa kuwa, hankalinsa yana kan 'yan kwanakin nan da ke biyo bayan ruwan shuka, domin daminar ƙasar Maraɗi gajera ce, wanda ya makara da mako biyu ya makara da shekara guda. Shanu biyu na iya zama kuɗi ɗaya a bakin dillali, alhali a hannun waɗannan mutum biyu darajarsu ta yi hannun riga. Da wannan ma'auni ya kamata a auna musayar da ta fi kowacce tayar da ƙura a tarihin ƙungiyar ƙwallon kwando ta Toronto Raptors, wadda wani mutum da ya tashi a Zariya ya ƙulla.

Masai Ujiri an haife shi a Ingila a 1970, iyayensa suka dawo da shi Najeriya yana ƙarami, ya girma a Zariya. A can ya koyi ƙwallon kwando, a hannun Oliver Johnson, kocin nan Ba'amurke da ya shafe shekaru yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Bai yi suna a matsayin ɗan wasa ba. Idonsa na gane gwani tun yana ɗanye shi ya ɗaga shi, daga mai farautar 'yan wasa har ya zama babban manajan Denver Nuggets a 2010, aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyin NBA a 2013, kuma a shekarar ya karɓi ragamar Toronto. Ranar 18 ga Yuli 2018 ya miƙa DeMar DeRozan ga San Antonio Spurs, haɗe da matashi Jakob Poeltl da damar zaɓen sabon ɗan wasa a zagayen farko na 2019, ya karɓo Kawhi Leonard da Danny Green. A gasar NBA ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi kamar yadda aka saba gani a ƙwallon ƙafar Turai. Ban gishiri in ba ka manda ake yi, mutum da mutum, a daidaita albashin ɓangarorin biyu, kuma mafi yawan 'yan wasa ba su da ta cewa, sai dai a buga musu waya a ce su haɗa kaya.

A ranar, wanda ya kira abin cinikin biri a sama bai yi ƙarya ba. DeRozan ya yi kaka tara a Toronto tun da suka zaɓe shi a 2009, babu wanda ya kai shi yawan maki a tarihin ƙungiyar, sau huɗu ana saka shi a wasan taurari, kuma a ranar farko ta 2018 ya zuba maki 52 a wasa guda da Milwaukee. A 2016 ya sa hannu a kwantiragin shekara biyar na dala miliyan 139 ba tare da ya saurari wata ƙungiya ba, saura shekara uku a ciki. Leonard kuwa wasa tara kacal ya buga a kakar da ta gabata saboda ciwon cinya wanda shi da likitocin San Antonio suka saɓa a kansa, shekara ɗaya ta rage masa a kwantiragi, kuma kowa ya san zuciyarsa tana Los Angeles, yankin da ya fito. Ujiri ya ba da lafiyayye mai son zama, ya karɓo mai jinya da ke kallon ƙofa. Duk da haka, ra'ayin da wannan babi ke karewa shi ne cewa shekara ɗaya ta Leonard ta fi wa Toronto shekara uku na DeRozan daraja, kuma wannan gaskiya ne tun a ranar cinikin, kafin a san yadda za ta kaya.

Dalilin yana cikin tsarin gasar kanta. Ƙungiyoyi 30 ne, kowacce tana buga wasa 82 a kaka, sannan 16 su shiga wasannin fitar da gwani, inda ake karawa zagaye huɗu, kowane zagaye wanda ya riga cin wasa huɗu ya wuce. Wasanni 82 ɗin nan aikin amalanke ne: tafiya daga gari zuwa gari, yau da wannan gobe da wancan, babu mai lokacin zama ya nazarci abokin karawa sosai. A nan juriya ke biya, kuma DeRozan mai juriya ne na gaske. Wasannin fitar da gwani wani abu ne dabam. Ƙungiya ɗaya za ka yi ta haɗuwa da ita har mako biyu, kocinta ya kwana yana kallon bidiyonka, ya gano hannun da ba ka so, ya gano wurin da jifarka ke rauni, ya toshe duk hanyar da ka saba bi. Kuma da yake mutum biyar ne kawai a fili daga kowane ɓangare, gwani ɗaya yana da nauyin da ba zai taɓa samu ba a cikin mutum goma sha ɗaya na ƙwallon ƙafa. Yana taɓa ƙwallo kusan a kowane hari, yana tsaye a kowane tsaro. Shi ya sa tazarar da ke tsakanin ɗan wasan da ke cikin biyar na farko a duniya da wanda ke cikin ashirin na farko, wadda ba ta cika fitowa a watan Janairu ba, take zama rami a watan Mayu.

Toronto ta ɗanɗana wannan sau uku a jere. A 2016 da 2017 da 2018, Cleveland ta LeBron James ce ta fitar da su, biyun ƙarshe ba su ci ko wasa ɗaya ba. Na 2018 ya fi ciwo, domin sun ci wasa 59, mafi yawa a tarihinsu, suna kan gaba a rukunin gabas. A wasa na uku na karawar, koci Dwane Casey ya zaunar da DeRozan a benci duk kashin ƙarshe, ƙungiyar ta farfaɗo ba tare da shi ba, har sai da LeBron ya jefa ta ƙarshe a daidai ƙararrawa. A wasa na huɗu alƙali ya kori DeRozan daga fili. Wannan ba zargin lalaci ba ne. Salon DeRozan ne ke da iyaka: gwanin jifa daga matsakaicin zango ne, ba ya yawan jefa ta nesa mai maki uku, kuma tsaro bai taɓa zama ƙarfinsa ba. Leonard a nasa ɓangaren an zaɓe shi gwarzon wasan ƙarshe a 2014 yana da shekara 22, bayan ya tsare LeBron ɗin nan da ya addabi Toronto, sannan ya zama gwarzon tsaro na gasar a 2015 da 2016. Mutum ne da zai ci maka maki talatin, kuma ya hana gwanin abokan hamayya cin nasa. Irinsu ba su kai yatsun hannu ɗaya ba a kowane zamani. Ga kuma wani abu da Ujiri ya sani sarai: irin waɗannan ba sa zuwa Toronto da ƙafarsu. Sanyi, haraji, da zama a wata ƙasa suna korarsu. Tracy McGrady ya tafi a 2000, Vince Carter ya matsa har aka sallame shi a 2004, Chris Bosh ya koma Miami a 2010. Hanya ɗaya ta samun irin Leonard ita ce musaya, kuma ba a samunsa da farashin da Toronto za ta iya biya sai yana da aibin da ya tsorata sauran masu saye.

Mai ja da wannan ra'ayi zai fara da lissafi, kuma lissafinsa daidai ne. DeRozan ya buga wa San Antonio wasa sama da 200 a kaka uku, yana cin maki sama da 20 a kowane wasa, har ya ƙara ƙwarewa wajen raba ƙwallo fiye da yadda aka san shi a Toronto. Leonard wasa 60 ya buga cikin 82, ana hutar da shi don lallaɓa ƙafarsa, ya ƙara 24 na fitar da gwani, ya tattara ya tafi. In aka tara maki a faifai guda, na DeRozan sun fi yawa nesa ba kusa ba. Ƙari a kan haka, a wasanni 22 da Leonard bai buga ba Toronto ta ci 17, kuma a kakar gaba ɗaya ta ci 58, ƙasa da na kakar da ta gabata da wasa ɗaya. To ina amfanin musayar? Amsar tana cikin alƙaluman da mai jayayya ya kawo da kansa. Cin 17 cikin 22 ya nuna Toronto ba ta rasa mai jan amalanke ba. Kyle Lowry yana nan, Pascal Siakam ɗan Kamaru yana tasowa har ya zama wanda ya fi kowa ci gaba a kakar, Serge Ibaka ɗan Kwango yana nan, Fred VanVleet yana nan. Abin da suke da shi da yawa shi DeRozan ke bayarwa, abin da ba su da shi ko kaɗan shi Leonard ya kawo. Tara maki na duk shekara a ce da shi za a auna, daidai yake da auna san huɗa da yawan kwanakin da ya yi a ɗaure a turke da rani. A wasanni 24 ɗin da aka kawo shi dominsu, Leonard ya ci maki 732, wato sama da 30 a kowane wasa.

Jayayya ta biyu ta fi ta farko nauyi, ita ce ta sa'a. Ranar 12 ga Mayu 2019, wasa na bakwai da Philadelphia, maki 90 da 90, saura daƙiƙa huɗu da 'yan kai. Leonard ya karɓi ƙwallo, ya yi ta gudu da ita zuwa kusurwar dama, Joel Embiid mai tsawon sama da mita biyu yana bin sa, ya yi tsalle ya jefa yana faɗawa wajen fili. Ƙararrawa ta yi ƙara ƙwallo tana sama. Ta daki bakin kwando ta yi sama, ta sake duka, ta tsallaka ɗaya gefen ta daki sau biyu, Leonard yana tsugune a gefen benci yana kallo kamar kowa, sannan ta faɗa. Da ta gangara waje, sai a tafi ƙarin lokaci, kuma babu mai iya rantsuwa a kan wanda zai ci. Haka a wasan ƙarshe da Golden State: Kevin Durant minti 12 kawai ya buga a duk karawar kafin jijiyar agararsa ta tsinke, Klay Thompson ya tsinka ta gwiwa a wasa na shida. LeBron ma ya bar gabas ya koma Lakers tun kafin cinikin. Mai wannan hujja yana cewa da ɗaya daga cikin waɗannan ya sauya, da yau ana kiran Ujiri wanda ya yar da ɗan gida don baƙon dare ɗaya.

Babu mai musun sa'a ta taka rawa, kuma babu kofin da aka taɓa ɗauka ba tare da ita ba. Sai dai hukuncin ciniki ana yin sa ne a kan abin da mai cinikin ya sani a ranar da ya ƙulla, kamar yadda ba a zargin manomin da ya yi shuka bayan ruwa mai kyau don fari ya biyo baya. A duba abin da Ujiri ya saka a faifai da abin da ya hana. Bai ba da Siakam ba, bai ba da OG Anunoby ba, matasan da kowace ƙungiya za ta so. In Leonard ya warke ya zauna, Toronto ta samu gwani na shekaru. In ya warke ya tafi, ta samu shekara ɗaya ta gwada sa'arta da gaske a daidai lokacin da LeBron ya bar hanya. In ma bai warke ba, albashi mai nauyi na DeRozan ya sauka daga wuyanta, sai ta sake gini a kan matasanta, abin da dama ke gabanta ko ba jima ko ba daɗe. Hanyar da ba ta da mafita ita ce zama yadda ake, a ci hamsin da wani abu, a faɗi a zagaye na biyu, shekara ta zagayo a maimaita. Abin da ya faru bayan tafiyar Leonard ya tabbatar da lissafin: a kakar 2019 zuwa 2020 Toronto ta ci 53 ta faɗi 19, ta kai Boston wasa na bakwai. Gidan bai rushe ba. Kuma ko a batun sa'ar, ƙwallon da ta yi tsalle huɗu ita ce ta cika maki 41 da Leonard ya ci a daren, cikin 92 na ƙungiyar baki ɗaya. Babu shi, da wasan bai kai daƙiƙar ƙarshe ba. A zagaye na gaba Milwaukee ta ci wasa biyu na farko, kocin Toronto Nick Nurse ya ɗora Leonard a kan Giannis Antetokounmpo, Toronto ta ci huɗu a jere. Wannan aikin tsaro ne da DeRozan ba zai iya ba ko a ranarsa mafi kyau. Ranar 13 ga Yuni 2019 suka ɗauki kofi a Oakland, na farko da ya fita daga Amurka, Leonard ya sake zama gwarzon wasan ƙarshe.

Hujja mafi ƙarfi cewa darajar ɗan wasa tana rataye da farashi da lokaci ta fito daga Leonard ɗin kansa, bayan wata guda. Don ya yarda ya zo, Los Angeles Clippers sai da ta ɗauko masa Paul George daga Oklahoma City, ta biya da matashi Shai Gilgeous-Alexander, da Danilo Gallinari, da damar zaɓe biyar na zagayen farko. Leonard ɗin dai mutum ɗaya ne, gwanintarsa ɗaya, ƙafarsa mai ciwo ita ce dai. A 2021 jijiyar gwiwarsa ta tsinke ana tsakiyar wasannin fitar da gwani, bai buga ko wasa ɗaya ba a kakar da ta biyo. Gilgeous-Alexander kuwa ya zama gwarzon gasar a 2025, ya ɗauki kofi da Oklahoma a shekarar. Haɗarin da Ujiri ya ɗauka na gaske ne, ga shi ya faɗa wa wasu. Bambancin shi ne Toronto ta biya da abin da za ta iya rayuwa babu shi, Clippers ta biya da irin shukarta.

San Antonio fa? Ta shiga kasuwa da wuƙa a wuya, domin in ta jira shekara guda Leonard zai tafi ba ta samu ko anini ba. Ta zaɓi gogaggen da zai riƙe ta a tsaye maimakon tarin matasa, kuma DeRozan ya yi abin da aka ɗauko shi ya yi: wasa 48 suka ci a kakar farko, suka kai Denver wasa na bakwai. Daga nan ƙarfin ya ƙare, a 2020 suka kasa shiga wasannin fitar da gwani karon farko bayan shekara 22 a jere. Damar zaɓen da suka karɓa ta zama Keldon Johnson, a 2021 suka miƙa DeRozan ga Chicago, cikin waɗanda aka ba su har da Al-Farouq Aminu na tawagar Najeriya. A Chicago, yana da shekara 32, ya ci kusan maki 28 a kowane wasa, ya koma cikin taurari. Wanda ya ce DeRozan ƙaramin ɗan wasa ne bai kalli ƙwallo ba.

Akwai jayayya ta uku, wadda alƙaluma ba sa amsa ta, kuma bai kamata a yi kamar suna amsawa ba. DeRozan ya ce an ba shi tabbacin ba za a sallame shi ba, kwanaki kaɗan kafin a sallame shi. Ujiri ya fito gaban 'yan jarida ya nemi afuwa, yana mai cewa rashin fahimta aka samu a tsakaninsu. A kasuwar dabbobi ma, inda abin sayarwar ba ya jin magana, dillalin da aka kama da baki biyu yakan daɗe bai wanke sunansa ba, balle a nan da abin musayar mutum ne mai iyali, wanda ya zaɓi garin da sauran taurari suka guje wa, wanda watanni kaɗan kafin nan ya fito fili ya yi maganar ciwon damuwa da yake fama da shi, abin da ya buɗe wa 'yan wasa da yawa baki. Musayar daidai ce, yadda aka isar da ita ga mutumin da ta shafa kuma akwai gyara, kuma kofin bai goge wannan ba. Ya kamata a lissafa shi cikin farashin, tare da Poeltl da damar zaɓe. Kyle Lowry, aminin DeRozan na ƙut da ƙut, ya daɗe yana fushi da shugabannin ƙungiyar, kuma da ƙungiyar ta yi tuntuɓe a watannin farko, wannan fushi kaɗai ya isa ya wargaza ɗakin 'yan wasa. Kuma tawagar da Leonard ya zo ya tarar, mai cin wasa hamsin a shekara, DeRozan na cikin waɗanda suka ɗora tubalinta tun lokacin da Toronto ba ta cin ko talatin.

Ranar 22 ga Fabrairu 2019 DeRozan ya dawo Toronto karon farko cikin rigar San Antonio. Aka nuna bidiyon shekarunsa tara a babban allo, jama'ar da ta cika filin ta miƙe tsaye tana tafi, ya ɗaga musu hannu. Wasan ya yi zafi har ƙarshe. Saura 'yan daƙiƙoƙi, San Antonio tana gaba da maki ɗaya, ƙwallo tana hannun DeRozan yana ƙoƙarin tsallaka tsakiyar fili. Lowry da Leonard suka rufe shi, ƙafarsa ta zame, Leonard ya zare ƙwallon ya ruga shi kaɗai ya dumbuza ta a kwando. Toronto ta ci 120 da 117, mutanen da suka tsaya wa DeRozan a farkon dare suka sake miƙewa, Lowry kuma ya je ya rungume shi a tsakiyar fili bayan an tashi.